Gangarar Boston Ta Fi Tudunta Mugunta

A Amurka, da zarar hunturu ya tattara nasa ya nasa, ƙanƙara ta narke a gefen titi, sai kakar tsere ta buɗe. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu da wuya a wayi garin Lahadi ba a rufe titunan wani birni ba domin masu gudu. Ba don kyan furanni aka zaɓi lokacin ba. Gudu mai nisa ba ya ga maciji da zafi, yanayin da jiki ya fi sakewa a cikinsa shi ne wajen digiri 10, kuma bazararsu da kakarsu ne ke ba da irin wannan. Sai dai duk wanda ka gani a layin tashi a watan Afrilu, tun Disamba yake fitar asuba cikin duhu da safar hannu, hanci na zuba.

Ni ba ƙwararre ba ne, ba wanda ya taɓa ba ni ko sisi don na yi gudu. Ina da aikina, gudu kuwa sha'awa ce da ta kama ni da girmana ta ƙi saki. Tsere biyu na ɗaura wa aniya a wannan tafiya: na mil 10 a Washington a farkon Afrilu, sannan gudun fanfalaki na Boston a ranar Litinin ta uku ga watan. Na farkon da ƙuri'a ake shiga, rabo ne kawai. Na biyun sai ka kawo shaida cewa ka gama wani fanfalakin, kilomita 42.195, a cikin lokacin da aka yanka wa tsararrakinka. Namiji ɗan shekara 18 zuwa 34, daga tseren 2026, awa 2 da minti 55 aka yanka masa. Cika sharaɗin ma ba shi ne samun gurbi ba. A tseren 2025 sai wanda ya fi ƙa'idarsa sauri da minti 6 da daƙiƙa 51 aka ɗauka, aka mayar da sama da mutum 12,000 da suka cika sharaɗi sarai. Wanda bai samu ta nan ba sai ya bi ta ƙofar ƙungiyoyin agaji, ya tara musu dubban daloli su ba shi lamba.

Na sauka Washington ana yayyafi. Tseren nata tun 1973 ake yin sa, a lokacin bikin furannin ceri, itatuwan nan sama da 3,000 da birnin Tokyo ya ba da kyauta a 1912 aka dasa a bakin ruwan Tidal Basin da kewayensa. Furen ba ya jiran kowa. 'Yan kwanaki yake yi a reshe, kuma ko da na iso iska ta riga ta kakkaɓe rabinsa, ya manne a kwalta jiƙe sharkaf, sai mutum ya yi hattara a kwana saboda santsi. Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka sake mu daga gindin hasumiyar Washington. Muka haye gadar Memorial har bakin maƙabartar Arlington, muka juyo, muka bi gefen kogin Potomac.

Inda tseren yake nuna halinsa shi ne Hains Point, wani zirin ƙasa mai tsini da ruwa ya sa a tsakiya. Shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, 'yan kallo ma jefi-jefi. Da za mu shiga iska tana bayanmu, kowa ya ɗauka ƙarfinsa ne. Muna yin kwana a tsinin ta tare mu a ƙirji. Nan na ga abin da nake so game da 'yan gudun sha'awa: mu shida ko bakwai da ba mu san juna ba muka jeru bayan wani dogon mutum mai jar riga, yana kare mana iska. Da ya gaji sai ya ɗan kauce, wata mata ta karɓi gaba, daga ita sai ni. Ba wanda ya ce uffan. Da muka fito daga zirin kowa ya kama gabansa, ban ƙara ganin ko ɗayansu ba.

Ban zuba duk ƙarfina a Washington ba, don ba ita ce babbar ba. Gwajin takalmi ne da numfashi, da jin ko aikin hunturu ya zauna a ƙafa. Manya ma haka suke amfani da ita. Bill Rodgers, wanda ya ci Boston sau huɗu, ya ci wannan tsere shekara huɗu a jere daga 1978 zuwa 1981.

Tsakanin tseren biyu babu abin ba da labari. Lokaci ne na rage gudu don jiki ya murmure, kuma shi ne lokacin da ɗan gudu ya fi zama abin haushi: kowane tari a kusa da shi mura ce, kowane ɗan motsi a gwiwa ƙarshen duniya ne. Na hau jirgin ƙasa daga Union Station, muka wuce Baltimore, Philadelphia da New York, muka bi gaɓar tekun Connecticut, wajen awa takwas sai ga mu a South Station. Tun daga New York taragon ya fara cika da siraran mutane masu gorar ruwa, ana kallon takalman juna ta wutsiyar ido.

A ƙarshen makon nan Boston ta 'yan gudu ce. Ko'ina ka duba rigunan sanyi ne masu tambarin doki mai ƙaho ɗaya, alamar ƙungiyar wasanni ta Boston da ke shirya tseren tun 1897. Kowace riga da shekararta a jiki, masu tsofaffin kuwa sun fi kowa taƙama. Na je babban zauren Hynes da ke titin Boylston na nuna fasfo, aka miƙo mini lambar ƙirji mai 'yar na'urar auna lokaci a bayanta, da jakar leda garai-garai wadda ake ganin cikinta. Ita kaɗai ake karɓar kaya a ciki, kuma dalilin yana nan kan titin, 'yan taku kaɗan daga zauren. Ranar 15 ga Afrilu 2013 bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarshe, mutum uku suka rasu nan take, sama da 200 suka jikkata. Yau akwai ginshiƙan dutse da dogayen fitilun gilashi a wuraren biyu. Mutane suna ta ɗaukar hoto a kan layin ƙarshe suna dariya, suna isowa nan sai murya ta yi ƙasa. Shekarar da ta biyo baya Meb Keflezighi, haifaffen Eritiriya da ya girma a Amurka, ya ci tseren da sunayen waɗanda suka rasu rubuce a lambarsa.

Hirar kowa a garin ɗaya ce: yanayi. Afrilun Boston ba ta da alƙibla. A 2012 zafi ya haura digiri 30, mutane suka yi ta zubewa. A 2018 ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ga iska a fuska, ga sanyi kusa da daskarewa. Ƙwararru da dama suka ajiye, Yuki Kawauchi na Japan, wanda a lokacin ma'aikacin ofis ne a wata makaranta, ya ci tseren da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58. Mu 'yan sha'awa muna riƙe da wannan labari gam, ko da yake gaskiya ita ce Kawauchi ba sa'anmu ba ne ko kusa. Tamu ranar ta zo da sanyin safe da alamar rana za ta buɗe, wato ka tashi kana rawar ɗari ka ƙare kana neman inuwa.

Litinin ɗin ranar hutu ce a jihar Massachusetts, ta tunawa da yaƙin Lexington da Concord na 1775. Da sassafe muka yi layi a filin Boston Common, inda motocin makaranta masu ruwan ɗorawa suka jeru iya ganinka. Kujerun na yara ne, gwiwata tana tokare da ta gaba. Tafiyar ta kusa awa guda zuwa Hopkinton, garin da ake tashin tseren, kuma tun ana surutu a motar har aka yi tsit, don kowa yana lissafin cewa duk wannan nisa da ƙafa zai maido shi.

A filin makarantar Hopkinton aka sauke mu, mutum wajen 30,000 a ƙaramin gari. Kowa sanye da tsummokara a kan kayan gudunsa, tsohuwar rigar barci, wandon da ya koɗe, don za a yar da su a layin tashi 'yan sa-kai su kwashe a ba mabuƙata. Rabin zaman a layin banɗaki yake ƙarewa. Na shimfiɗa leda a ciyawa kusa da wani dattijo mai furfura, yana shafa man jelly a tsakanin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Ya dubi lambata ya ce, "Samari, zuwan fari ke nan?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Tudun nan da ake faɗa nake ta tunani."

Ya yi dariya bai ɗago ba. "Rabu da tudu. Tudu numfashi yake ci, numfashi kuwa yana dawowa. Gangara ita ke cin cinya, cinya in ta tafi ta tafi ke nan sai wani makon. Duk wanda ya wuce ka kafin Framingham, ka yi masa fatan alheri, za ku gamu."

Daga filin zuwa layin tashi tafiyar kusan kilomita guda ce ta cikin unguwa. Rukuni-rukuni ake sakin mutane, gwargwadon lokacin da kowa ya shigo da shi, don haka waɗanda ke kewaye da kai duk sa'anninka ne a sauri. Wannan ma tarko ne, domin ba mai jan birki a cikinmu. Titin siriri ne, hannu biyu kacal, kuma ana tashi sai ya sunkuya. A mil na farko kaɗai ana sauka wajen mita 40. Daga Hopkinton zuwa Boston gaba ɗaya saukar ta kai mita 140, shi ya sa ba a karɓar bajintar duniya a wannan hanya: ƙa'ida ba ta yarda saukar ta wuce mita ɗaya a kowace kilomita ba, ba ta kuma yarda mafara da maƙura su yi nisa da juna haka ba. Geoffrey Mutai na Kenya ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2 a nan a 2011, lokacin ba wanda ya taɓa yin irin wannan a duniya, amma ba a rubuta masa ba.

Mai karatu zai ce to ai gangara sauƙi ce. A huhu haka ne. Amma duk takun da ka yi a gangara, tsokar gaban cinya ce take tare nauyinka, tana miƙewa tana kuma riƙewa a lokaci guda, wannan kuwa yana yayyaga ƙananan zaruruwanta. Kamar direban da ya sauko daga tsauni ƙafarsa a kan birki ne, ba ya jin komai sai ya kai ƙasa ya taka ya ji wayam. Ɓarnar ana yin ta a awa ta farko, ana jin ta a ta uku. Na bi maganar dattijon. Na gajarta taku, na bar agogo ya riƙe ni, mutane suna ta wuce ni dama da hagu har abin ya fara sosa mini rai.

A farkon hanyar nan ne a 1967 wani jami'in tsere, Jock Semple, ya diro daga mota ya yi ƙoƙarin fizge lamba 261 daga jikin Kathrine Switzer, don a ganinsa mace ba ta da hurumi a nan. Ta gama tserenta. Kafin ita, a 1966, Bobbi Gibb ta ɓuya a cikin shuke-shuke kusa da layin tashi ta shiga ba lamba. Sai 1972 aka buɗe wa mata ƙofa a hukumance. Na tuna da su ne saboda wadda na maƙale wa a baya tun daga Ashland mace ce da ta kusa haihuwata, takunta daidai wa daida, ko agogo ba ta dubawa.

Ashland, Framingham da tsohuwar tashar jirginta, Natick da tafkinta, duk sun wuce ba wani abu. Yara suna miƙo yankan lemo, iyalai sun fito da kujeru ƙofar gida. Kusa da kilomita 20 na fara jin wata ƙara daga nesa, kafin na ga masu yin ta. Ɗaliban kwalejin mata ta Wellesley ne, sun jeru a bakin shinge suna ihu ba ƙaƙƙautawa, al'adar da suka gada kaka da kakanni. Ihun yana shiga jiki ya sa ƙafa ta ƙara wuta ba da izininka ba. Na koma tsakiyar titi na bar gefen. Rabin hanya yana cikin garin Wellesley, na duba agogo na ga ina inda na tsara.

Wajen kilomita 25 titin ya sake zubawa ƙasa, gangara mai tsanani zuwa Newton Lower Falls inda ake haye kogin Charles. A nan na fara jin cinyata ta yi magana, ba ciwo ba tukuna, wani nauyi dai. Daga ƙasan kwarin sai hawa, a kan gadar da ta ratsa babbar hanyar mota, ba inuwa ba 'yan kallo sosai, rana kuma ta buɗe. Tudun Newton huɗu ne, wannan ne na farko, kuma ba a cika ba shi girmansa ba. A ofishin 'yan kwana-kwana aka yi kwanar dama zuwa titin Commonwealth, jama'a suka yi kauri, na biyu da na uku suka biyo baya. A gefen hanya akwai mutum-mutumin Johnny Kelley, siffa biyu riƙe da hannun juna, yana saurayi da yana tsoho. Sau 61 ya tsaya a layin tashi na wannan tsere, ya ci a 1935 da 1945.

Shi ne kuma sanadin sunan tudu na huɗu, Heartbreak Hill, wato tudun karya zuciya. A 1936 ya cim ma Ellison Brown a nan, ya dafa kafaɗarsa yana wucewa. Dafawar ta zaburar da Brown, ya sake ƙwace gaba ya ci tseren, aka ce a nan zuciyar Kelley ta karye. Tudun kansa, in ka zo masa da safe da sabuwar ƙafa, ba za ka waiwaye shi ba: tsawonsa wajen mita 600, hawansa bai kai mita 30 ba. Matsayinsa ne mugun abu. Yana zuwa bayan kilomita 32, daidai inda sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta yake ƙarewa. Eliud Kipchoge da kansa, a 2023 yana riƙe da bajintar duniya, a tuddan nan rukunin gaba ya bar shi, ya ƙare na shida. Na hau ina kallon kwalta taku uku a gabana, hannu yana aiki fiye da ƙafa. A nan na fara gamuwa da mutanen da dattijo ya ce. Na gane wani mai koren hula da ya wuce ni a guje a Ashland, yanzu yana tafiya hannu a ƙugu. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayi ba, ba ni da rarar ƙarfin yin ko ɗaya.

A saman tudun ɗaliban Boston College suna ihu cewa an gama, daga nan gangara ce. Gaskiya suka faɗa, kuma ita ce mummunan labarin. Duk tattalin da na yi bai hana ba, ya dai rage. Taku na farko a gangaren na ji kamar an soka mini abu a gaban cinyoyin biyu, kowane taku bayansa haka. Numfashina lafiya lau, zan iya magana, zuciya tana cewa a ƙara, ƙafa ta ce ba da ita ba. Abin dariya, sai na riƙa marmarin tudu. Na wuce maƙabartar da ke gefen titi, na tsallake layin dogon tarago a Cleveland Circle ina ɗaga ƙafa da dabara don kada ta harɗe, na shiga titin Beacon a Brookline. A wurin shan ruwa na matse bakin kofin takarda na kurɓa, rabi ya bi ta hanci. Wani ɗan sa-kai ya dube ni ya ɗaga babban yatsa, na san fuskata ba ta yi kyau ba.

Daga nesa ake hango allon tallan kamfanin mai na Citgo, jan kusurwa uku a saman wani gini a Kenmore Square. Kowa ya san daga gindinsa saura mil ɗaya. Matsalar ita ce ka daɗe kana ganinsa bai matso ba. Da na iso, 'yan kallon wasan baseball na ƙungiyar Red Sox, wanda ake fara shi tun da hantsi a wannan rana, sun fito daga filin Fenway sun cika dandalin maƙil. Sai 'yar gangara ƙarƙashin gadar titin Massachusetts, wadda a wannan lokacin zalunci ce tsantsa, sannan kwanar dama zuwa Hereford, kwanar hagu zuwa Boylston. Layin ƙarshe yana can wajen mita 600, kusa da babban ɗakin karatu na birnin. A wannan titin Ibrahim Hussein na Kenya ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci tseren a 1988, da tazarar daƙiƙa ɗaya tak, Fatuma Roba ta Habasha kuma ta ci sau uku a jere daga 1997. Wannan ne abin da gudun titi ya fi sauran wasanni da shi a wurina: titin da zakara ya bi shi ka bi, a rana ɗaya, ramin da ya kauce wa shi ka kauce wa. Bambancin kawai, lokacin da na iso shi ya yi wanka ya ci abinci.

Na taka layin na danna agogo. Aka rataya mini lambar yabo, aka lulluɓe ni da bargon leda mai ƙyalli, aka ce in ci gaba da tafiya kada in zauna. Alhamdu lillahi, na faɗa a fili. Gefen titi mai tsayin taƙi ɗaya ya gagare ni hawa sai da na dafa fitila.

Washegari a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sai ka tambayi wanda ya yi tsere ba. Duk wanda ka ga ya juya baya yana sauka matakala da baya-baya, riƙe da ƙarfe, namu ne. Mu huɗu muka haɗu a matakala ɗaya muna wannan abin kunya, ma'aikata masu sauri suna ratsa mu suna cewa barka. Lokacin da na yi ya shiga ƙa'idar shekaruna da 'yan mintuna, amma ko zai isa a sake ɗauka ta, sai an buɗe rajista a Satumba an ga yawan waɗanda suka fi ni sauri.